Haruffa Huɗun Nan Ba Duba Ba Ne

Wani abokin aikin alƙalami, wanda na daɗe ina ƙaruwa da rubuce-rubucensa a kan kayan lantarki, ya fitar da makala kwanan baya game da gyaran tsofaffin injinan gem na Amurka, dogayen akwatunan nan da sai an jefa musu sulalla suke barin mutum ya yi wasa, waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. Yawancin abin da ya faɗa ba ni da ja a kai. Inda muka raba gari shi ne da ya iso kan binciken sa-hannu, dabarar nan da ake ɗora tsinken gwaji a kan ƙafar aisi, na'ura ta nuna haruffa huɗu, mai gyara ya gwada su da waɗanda kamfani ya buga a jikin zanen fanel. Malam, wato mai makalar, ya ce dabarar ta mutu, saura jana'iza. A wurinsa haruffan ba sa gaya wa kowa komai, har ya kwatanta su da duba. Ya ce takardun kamfanonin cike suke da kurakurai, shi da kansa ya gwada a kan fanel ɗin wani gem mai suna Tempest bai samu ko sa-hannu ɗaya da ya dace da takarda ba. Ya ce yau da kuɗin cefane mutum zai sayi lojik analaiza ya ga komai ƙuru-ƙuru a kwamfuta. Wanda kuma ba shi da wannan haƙuri, to ya tsige duk aisin da ke sashen da yake zargi ya zuba sababbi, tunda ba su da tsada.

Da a kan sauran ya tsaya, da na yi shiru. Shawarar ƙarshen nan ce ta sa na ɗauki biro, domin akwai masu karatu da za su bi ta, kuma fanel ɗin da za su gwada ta a kansa an daina ƙera irinsa tun kafin a haifi da yawa daga cikinsu.

Mu fara da maganar duba. Kamfanin Hewlett-Packard ne ya fito da dabarar a 1977, tare da na'urarsa mai lamba 5004A, kuma injiniyansa Robert Frohwerk ya yi bayaninta dalla-dalla a mujallar kamfanin ta watan Mayun wannan shekara. Babu wani sirri a ciki. Na'urar tana da tsinken gwaji guda, da wayoyi uku da ake maƙalawa a jikin fanel ban da ta ƙasa: ɗaya ta ce fara, ɗaya ta ce tsaya, ta ukun ta kawo bugun agogon fanel ɗin. Tsakanin fara da tsaya, duk bugu ɗaya na'urar za ta leƙa ta ga abin da ke kan tsinke, ɗaya ne ko sifili, ta tura shi cikin wani jerin gurabe 16. Amma kafin ya shiga sai ta haɗa shi da abin da ke gurbi na 7, na 9, na 12 da na 16, ta yi musu cika ko mara: in adadin ɗaya-ɗayan da ke cikinsu mara ne, ɗaya ya shiga, in cika ne, sifili. Saboda wannan komawa baya, duk abin da ya taɓa wucewa ta kan tsinken ya bar gurbinsa a cikin jerin, ko da dubun dubatan bugu sun biyo bayansa. Da an ce tsaya, abin da ya rage a guraben 16 shi ake nunawa da haruffa huɗu. Haruffan kuwa su ne 0 zuwa 9, sai A, C, F, H, P da U. An zaɓe su ne don fitilar nuni mai sanduna bakwai ba ta iya raba B da 8 ko D da 0.

Lissafin da ke bayan wannan a fili yake. Idan a cikin dukan abin da ya wuce ta ƙafar aisi bit ɗaya tak ya kauce, sa-hannun dole ya canza, babu makawa. Idan kurakuran da yawa ne, damar su haɗu su ba da sa-hannun lafiyayyen fanel ba ta wuce ɗaya cikin 65,536 ba. Wane mai duba ne ya taɓa gaya wa mutum adadin sau nawa zai yi ƙarya?

Inda Malam yake da gaskiya shi ne, haruffan ba su da ma'ana a karan kansu. In takarda ta ce 8484 kai kuma ka samu 8485, ba ka yi kusa ba. Kuskurenka daidai yake da na wanda ya samu HPP0. Ba za ka kalli sa-hannu ka ce ƙafa ta maƙale a sama ko layi biyu sun haɗe ba. Sai dai ba a ƙera na'urar don ta amsa wannan ba. Tambaya guda aka ba ta: abin da ya bi ta wannan ƙafa yanzu, shi ne ya bi ta irinta a fanel mai lafiya, ko kuwa? Kuma wannan ita ce tambayar da ta gagari masu gyara a wancan lokaci. Ka ɗora osiloskof a kan layin bayanai na furosesa, abin da za ka gani hargitsi ne na sama da ƙasa. Mai lafiya hargitsi, marar lafiya hargitsi, kuma ido ba ya raba su. Shi ya sa kamfanoni suka koma cire fanel sukutum suna sa wani, abin da ke cin kuɗin ajiya da na jigila. Binciken sa-hannu an yi shi ne don a daina wannan canjin dole, a koma gano aisi ɗayan da ya lalace. Abin da Malam yake ba da shawara a yau, wato a cire da yawa don ba a san wanne ba ne, shi ne ainihin ciwon da aka ƙirƙiro dabarar don magance shi.

Kamfanonin gem sun gane amfaninta da wuri, kuma dalilinsu na aljihu ne. Injin da ya kwana a kashe bai tara sulalla ba. Atari ta sayar da akwatunan Asteroids kimanin 70,000, suna warwatse a shaguna da gidajen abinci, kuma ba kowane gari ne ke da injiniyan da ya san cikin furosesa ba. Don haka kamfanin ya riƙa buga haruffan nan a takardun wasu injinansa, har ya ƙera nasa akwatin gwaji, CAT Box, da na'urar sa-hannu a cikinsa. Mutumin da ya iya karanta zane ya kuma iya riƙe tsinke ba tare da ya haɗa ƙafa biyu ba, zai iya aikin.

Sai maganar lojik analaiza. Ina da ita, ina kuma amfani da ita, ba gaba nake yi da ita ba. Amma Malam ya ce da ita za ka ga komai, ni kuma ina tambaya: ka gani ka gwada da me? A ce ka kama abin da ya bi ta layukan bayanai takwas a cikin bugun agogo dubu ɗari. Ga shi nan a kwamfuta, layi-layi, kana ja yana tafiya. A ina kuskuren yake? Sai in ka san abin da ya kamata ya kasance a kowane bugu, kuma babu kamfanin da ya taɓa buga wannan a littafi, don littafin ba zai ɗauku ba. Haruffa huɗu kuwa suna shiga ɗan filin da ke gefen layi a kan zane. Mai lafiyayyen Tempest a Ohayo zai iya karanta su ta waya ga mai matacce a Jamus, a gama magana cikin minti biyu. Ƙananan analaiza masu arha da Malam yake nufi ma yawancinsu waya takwas gare su, alhali layukan adireshi kaɗai na furosesar 6502 da ke cikin Tempest guda 16 ne.

Abin dariyar shi ne, manhajar sigrok, wadda da yawa daga masu waɗannan ƙananan na'urori suke amfani da ita, tana da sashen da ke lissafa sa-hannu irin na Hewlett-Packard daga abin da analaizar ta kama. Wato sabon kayan aikin da aka ce ya kashe dabarar, shi ne ya goya ta. Wanda ba shi da tsohuwar 5004A, ko yake tsoron sayen na'urar da ita ma ta kusa shekara hamsin tana neman mai gyara ta, ba a bar shi a baya ba. Akwatin ne ya tsufa, lissafin yana nan. Masu ƙera aisi na zamani ma irin wannan jerin gurabe suke dasawa a ciki don aisin ya gwada kansa.

Kuma akwai wani wuri a makalar da Malam ya yi amfani da dabarar bai lura ba. Ya shawarci mai gyara ya cire kowane ROM, ya karanta shi a na'ura, ya gwada lambar CRC da ta fito da wadda ke jerin MAME, manhajar nan da Nicola Salmoria ya fara a 1997 don adana tsofaffin gem. Shawara ce mai kyau. To mece ce lambar CRC? Haruffa takwas ne marasa ma'ana a karan kansu, da aka tatso daga dubban bit ta hanyar lissafi ɗan gida ɗaya da wanda na bayyana a sama, ake gwada su da na lafiyayye. Haruffa takwas kimiyya, huɗu kuma duba? Bambancin kawai shi ne CRC tana gaya maka ROM lafiya yake a kan teburinka. Ba ta gaya maka ko abin da ke cikinsa yana isa ga furosesa ta cikin soket mai tsatsa da aisin da ke tsakani. Sa-hannu a jikin fanel yake aunawa, yana cikin aiki, da zafinsa da saurinsa.

Yanzu ga abin da na fi so mu tsaya a kai, wato Tempest ɗin da ya ce ko sa-hannu ɗaya bai dace ba. Wannan magana ita kanta shaida ce, amma ba a kan abin da yake zato ba. Da wuya ƙwarai a samu fanel ɗin da kowace ƙafa a cikinsa ta lalace, da wuya kuma a samu takardar da kowace lamba a cikinta kuskure ce. Idan komai ya ƙi dacewa, abu na farko da ake zargi shi ne shirin gwajin. Dabarar tana da sharaɗi guda mai tsauri: dole fanel ya riƙa maimaita abu ɗaya sak, ba ƙari ba ragi, tsakanin fara da tsaya. Gem da ke gudana ba ya yin haka. Don haka sai an tilasta masa.

Ga yadda ake yi da 6502, furosesar da ke cikin Asteroids da Battlezone da Tempest. Ana raba ƙafafunta takwas na bayanai da sauran fanel, a ɗaure su ta yadda kullum lamba guda za ta karanta, EA, wadda a yarenta ke nufin kada ki yi komai, wuce gaba. Sai ta zama mai ƙidaya kawai: ta kira adireshi na farko, ta kira na biyu, har ta ƙure duka 65,536, ta dawo ta sake. Kowane umarni bugu biyu yake ci, zagaye ɗaya ke nan bugu 131,072, kuma a saurin fanel ɗin Atari na wajen bugu miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa, ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ana maƙala fara da tsaya a kan layin adireshi na ƙarshe, A15. Amma akwai masu ɓata ruwa guda biyu. Ɗaya ita ce da'irar gadi, wadda ke sake tayar da furosesa in ta ga an jima ba a taɓa ta ba. A fanel ɗin Atari akwai wurin da ake haɗawa da ƙasa don a kwantar da ita. Ɗayan kuma layukan katse aiki ne, da ke fizgar furosesa lokaci-lokaci zuwa wani adireshi. Ka manta da ɗaya daga cikinsu, ƙidayar ta karye, duk abin da za ka auna shirme ne. Haka nan kowace daga cikin wayoyin nan uku tana da maɓallin zaɓi, a hawan bugu za ta yi aiki ko a saukarsa. Maɓalli ɗaya a karkace ya isa ya canza lambobin fanel gaba ɗaya.

Waɗanda suka tsara dabarar sun san da haka, shi ya sa suka sa mata matakin farko da ba a tsallakewa. Kafin ka taɓa ƙafar kowane aisi, ka ɗora tsinke a kan layin bolt 5. Tunda shi kullum ɗaya yake bayarwa, sa-hannunsa bai dogara da komai ba sai yawan bugun da ke tsakanin fara da tsaya. A shirin da na bayyana, 0003 zai nuna. In ya nuna haka, ƙidaya ta cika, sai ka wuce: layin A0 ya ba ka UUUU, A1 ya ba ka FFFF, A2 ya ba ka 8484, haka har sama. In bai nuna 0003 ba, ka ajiye tsinke ka koma kan wayoyinka. A duk tsawon makalar Malam ban ga inda ya ambaci wannan mataki ba.

Ba ina cewa takardun ba su da kurakurai ba. Suna da su. Mutane ne suka kwafe lambobin da hannu, kuma kamfani kan canza abin da ke cikin ROM bayan an riga an buga littafi, lambobin layukan bayanai su tashi daga aiki. Amma kuskuren ɗab'i yana da kamanninsa: lamba ɗaya ce za ta ƙi dacewa, alhali duk ƙafafun da ke shan ruwa daga gare ta suna ba da daidai. Lalataccen aisi ba ya haka, ɓarnarsa tana bin layi zuwa gaba. Maganin kuma sananne ne a wurin masu wannan aiki: a samu fanel mai lafiya, a auna, a gyara takardar da biro. Kuskure a taswira dalili ne na gyara taswira.

Me ya sa sai an raba ƙafafun bayanan nan? Nan ne raunin dabarar na gaskiya yake, kuma na yi mamaki da Malam bai kama shi ba, don da ya fi duk hujjojinsa ƙarfi. Furosesa tana kiran adireshi, ROM ya ba ta umarni, umarnin ya sa ta kira wani adireshi. Zagaye ne. In kuskure ya shiga ko'ina a cikinsa, cikin ƙiftawar ido ya game ko'ina, kowace ƙafa ta ba da mummunan sa-hannu. Kamar tsegumi ne a gidan yawa: ka tambayi wannan ta ce a bakin waccan ta ji, waccan ta nuna ta gaba, har a zagayo kan ta farko, kowa ya faɗa kuma ba wanda ya fara. Sai ka hana mutum ɗaya ji, sannan za ka ga daga ɗakin da maganar ke fitowa. Ɗaure ƙafafun furosesa a kan EA toshe mata kunne ne. Daga nan aikin ya zama bin sawu: ka fara daga inda sa-hannu ya ɓaci, ka riƙa ja da baya a kan zane, har ka iso aisin da duk abin da ke shigarsa daidai ne amma abin da ke fita ba daidai ba.

Ko a nan ma ban ce a ɗauko ƙarfen dalma nan take ba. Layin da ya fito daga wannan aisi yana shiga wasu, kuma mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ne ya ƙone ta ciki yake jan layin ƙasa, ko wani ɗigon dalma ne ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Sa-hannu layi yake nunawa, ba mai laifi ba. Hewlett-Packard da kanta ta sayar da wani tsinke daban, 547A, mai bin sawun wutar da ke gudu a layi, saboda irin wannan wuri. Amma dubi inda aka iso: daga aisi sama da ɗari an dawo kan biyu ko uku.

Akwai kuma sassan da in ba da wannan dabara ba, ban san ta inda Malam zai shige su ba. Battlezone na 1980, da Red Baron da Tempest na 1981, suna da wani sashe a ƙaramin fanel da ake kira akwatin lissafi. Furosesar 6502 ba ta da saurin yin lissafin da zanen mai zurfi yake bukata, don haka Atari ta haɗa aisi huɗu na Am2901, kowanne mai ɗaukar bit huɗu, suka zama injin lissafi mai bit 16, da nasa ƙananan PROM guda shida masu ɗauke da umarninsa. Furosesa ta miƙa masa lambobi, ta jira, ta karɓi amsa. Abin da ke faruwa a tsakani ba ta gani. In ya lalace, gwajin kai na Tempest zai nuna harafin M, shi ke nan: an gaya maka unguwar, ba a gaya maka gidan ba. Na'urar Fluke 9010A, wadda masu gyara ke ji da ita kuma ta cancanta, a soket ɗin furosesa take zama, saboda haka abin da furosesa ke gani shi take gani. In ana so ta leƙa bayan wannan katanga, ita ma tsinke ake ba ta ta ɗauki sa-hannu. Atari ta san haka, shi ya sa ta sa wa gwajin kan injinan wani mataki da ke juya akwatin lissafin a kan abu ɗaya, ta kuma buga lambobin da za a gani a ƙafafunsa. Injinan Cinematronics ma sun fi wannan tsanani. Space Wars na Larry Rosenthal, da Star Castle da Rip Off da suka biyo shi, ba su da furosesa ta kanti sam. An gina ƙwaƙwalwarsu mai bit 12 ne da tarin ƙananan aisi na TTL. Babu soket ɗin da za ka cusa wa Fluke, babu aisi guda da za ka ce shi ne kai. A irin wannan fanel shawarar tsige sashen da ake zargi tana nufin tsige fanel ɗin duka.

To mu zo kan tsigewar. Malam ya yi lissafin kuɗin aisi, bai yi lissafin fanel ba. Waɗannan faneloli sun haura shekara arba'in. Layukan tagullar da ke jikinsu manne suke da gam ɗin da ya sha zafi ya gaji, kuma kowane rami yana da siririn bututun ƙarfe a ciki da ke haɗa saman fanel da ƙasansa. Ƙananan aisin TTL akasarinsu a dalmance suke kai tsaye, ba soket. Duk ƙafar da ka narkar ka ja, kana iya ɗago layi ko ka zaro bututun nan, kuma in ya tsinke a ƙarƙashin sabon soket ba za ka gan shi ba. Aisi ashirin masu ƙafa 14 ko 16, ƙafa wajen ɗari uku ke nan. Ko hannun mutum ya kai na likitan ido, cikin ɗari uku ɗaya za ta iya kuɓuce masa. Ya fara da ciwo ɗaya wanda bai san inda yake ba, ya ƙare da biyu, na biyun kuma nasa ne. Duk wanda ya taɓa karɓar fanel ɗin da wani ya riga ya yi wa wannan aika-aika ya san ya fi wanda ba a taɓa ba wahalar gyara nesa ba kusa ba.

Sababbin da za a zuba ɗin ma abin dubawa ne. Am2901 da ƙananan PROM irin na wancan zamani an daɗe da daina yin su, kuma kasuwar tsofaffin aisi ta cika da na jabu, waɗanda aka goge bayansu aka sake buga lamba. Mutum zai cire na asali mai lafiya ya sa na bogi. Wani kuma zai ga lambar ta yi kama ya sa 74HC a gurbin 74LS, alhali matakin wutar da suke ɗauka a matsayin ɗaya ba iri guda ba ne. Fanel ya tashi yau, gobe in ya ɗauki zafi ya rikice.

Wannan rikicewar ta lokaci-lokaci ma wani wuri ne da tsohuwar na'urar ke da abin cewa. A fuskar 5004A akwai wata 'yar fitila da ke ƙiftawa idan sa-hannun wannan zagaye ya saɓa da na wanda ya gabace shi. Tunda ana zagayen fiye da sau goma a daƙiƙa, aisin da ke kuskure jefi-jefi ba ya ɓuya. Ka bar tsinke a wurin, ka hura wa aisin iska mai zafi ko ka fesa masa mai sanyi, ka zuba wa fitilar ido. Da analaiza sai ka yi sa'ar kama daidai lokacin da abin ya faru, sannan ka nemo shi a cikin tulin da ka kama.

Malam ya ce mafi yawan matattun injinan nan ba su bukatar duk wannan, kuma a nan na bi shi ɗari bisa ɗari. A fara da mita. Bakin fanel ɗin Pac-Man da ke shiga cikin mahaɗa ya shahara da ƙonewa. Defender na kamfanin Williams yana da RAM guda 24 samfurin 4116, masu bukatar wuta kala uku, bolt 5 da bolt 12 da bolt 5 na ƙasa da sifili, ga batura a kan fanel da kan zubar da ruwa su cinye layuka. Tsofaffin kafasita, soket masu sakin ƙafa, wayoyin da suka saki: duk wanda ya jawo na'urar sa-hannu kafin ya duba waɗannan ɓata lokacinsa yake. Haka kuma dabarar ba ta da aiki a inda sigina ya daina zama ɗaya da sifili, kamar sashen da ke juya lambobi su zama wutar da ke jan haske a kan gilashin Tempest, ko sashen ƙara sauti. Can osiloskof ne sarki. Aisin POKEY na Atari yana da wurin da ke fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi da gangan, ba za a samu tsayayyen sa-hannu a can ba. Amma faneloli masu sauƙin ciwo ba su ne ke cika kwalaye a ɗakunan masu tara injinan nan ba. Waɗanda ke kwance shekara da shekaru su ne waɗanda aka gyara musu wuta, aka canza soket, aka tabbatar da ROM da RAM, suka ci gaba da zana shirme. Ragowar nan ita ce aikin binciken sa-hannu, kuma a kanta ne Malam ya ce a yi ta tsiga har Allah ya sa a dace.

Wanda burinsa kawai akwati ya kunnu yara su yi wasa, yana iya sa sabon fanel na kwaikwayo ya huta, ba laifi. Makalar Malam kuwa sunanta gyara.

Don haka ina roƙon Malam, cikin girmamawa, ya koma kan Tempest ɗin nan in bai riga ya tsige shi ba. Ya gaya mana a kan wace ƙafa ya maƙala fara, wace ƙafa tsaya, wace ƙafa agogo, da yadda ya saita maɓallan hawa da sauka. Ya gaya mana ko ya kwantar da da'irar gadi. Sannan ya ɗora tsinke a kan bolt 5 ya rubuto mana haruffa huɗun da ya gani, tare da waɗanda takardarsa ta ce a gani. In sun dace amma sauran duka suka ƙi, zan nemo lafiyayyen fanel mu auna ƙafa-ƙafa, a buga sakamakon a wannan shafi kowa ya gani.